Na buɗe ƙofa a rauta amma DVR ba ya fitowa daga waje, ina matsalar take?

Habu Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masana. DVR ne, wato na'urar da ke rikodin kyamarorin tsaro, na Hikvision mai kyamara 8, an haɗa shi da rautar TP-Link Archer ta waya. Intanet ɗin na faiba ne, kamfani ya sa akwatinsa na Huawei, daga shi waya ta shiga TP-Link ɗin. Na shiga 192.168.0.1, na bi Advanced, NAT Forwarding, Virtual Servers, na tura ƙofa (wato port) 80 da 8000 da 554 zuwa adireshin DVR. In ana kan Wi-Fi ɗin gida kyamarori na fitowa tsaf. Da an koma kan datar waya, shiru. Me ya rage?

Injiniya Rabi'u:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Kafin a taɓa komai, shiga shafin TP-Link ɗin, ka duba wajen Status ko Internet, ka karanto mana adireshin WAN, wato na ɓangaren da ke fuskantar intanet, da ta samu. Sannan da kwamfuta ko waya da ke kan Wi-Fi ɗin ka buɗe canyouseeme.org ka ga adireshin da zai nuna maka. Kar ka rubuta shi duka a nan, lambar farko ta isa. Abin da muke son sani kawai, biyun iri ɗaya ne ko sun bambanta.

Habu Kurna:
WAN ɗin TP-Link 192.168.100.4 ne. Wancan shafin kuma ya nuna wani mai farawa da 102.

Injiniya Rabi'u:
To ga ta nan. Rauta biyu gare ka, kowacce tana yin nata NAT, wato tana ɓoye na'urorin da ke bayanta a ƙarƙashin adireshi guda. Akwatin Huawei ɗin ba modam ne kawai ba, shi ma rauta ne, shi ne ya ba TP-Link 192.168.100.4. Duk mai neman shigowa daga waje a kan Huawei yake fara sauka, shi kuwa ba a gaya masa inda zai kai baƙo ba, sai ya watsar da saƙon. Dokar da ka rubuta a TP-Link daidai take, sai dai babu abin da yake isowa gare ta.

Yanzu shiga 192.168.100.1 ka duba WAN Information na Huawei ɗin. In adireshin da ke can shi ne mai farawa da 102 ɗin nan, aiki zai yiwu. In ka ga yana farawa da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko tsakanin 172.16 da 172.31, to kamfani ya sa ka a bayan nasa NAT ɗin, wato CGNAT, kuma babu saitin da za ka yi a gida ya buɗe wannan.

Habu Kurna:
Na duba. Iri ɗaya ne da mai 102 ɗin, lamba da lamba.

Injiniya Rabi'u:
Alhamdu lillahi, ka tsallake babbar matsalar. Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko, wadda ta fi tsafta, a mayar da Huawei ɗin bridge, wato ya zama gada kawai ya daina aikin rauta, TP-Link ta riƙa buga PPPoE, wato shiga layin kamfani da suna da kalmar sirri, da kanta, adireshin waje ya sauka a kanta kai tsaye. Wannan yana buƙatar sunan PPPoE da kalmar sirrinsa, wani lokaci har da lambar VLAN, kuma yawanci asusun da ake ba mai gida a akwatin ba ya kai wa ga wannan saitin. Sai ka kira kamfani su yi daga wajensu.

Ta biyu, ka mayar da TP-Link zuwa Access Point a wajen Operation Mode. Sai ta daina NAT, kowa a gidan ya koma 192.168.100.x, ka rubuta dokar a Huawei kaɗai, a Forward Rules, Port Mapping Configuration. Amma ka tuna DVR ɗin ma adireshinsa zai koma wannan layin.

Ta uku, ka bar su yadda suke ka tura sau biyu: Huawei ya tura zuwa 192.168.100.4, TP-Link ta tura zuwa DVR. In wannan ka zaɓa, dole ka kafe adireshin WAN na TP-Link ya zauna a 192.168.100.4, in ba haka ba ranar da ya koma .5 aikin ya rushe.

Malama Zainab:
Ƙari a kan Huawei ɗin. A shafin Port Mapping akwai wajen zaɓen WAN Name, kuma sau da yawa za ka ga suna biyu ko uku. Zaɓi wanda ke da INTERNET a cikin sunansa. Mai TR069 na kamfani ne don kula da akwatin, mai VOIP na tarho ne. In ka ɗora dokar a kan ɗaya daga cikinsu za ta karɓa ba tare da ta yi ƙorafi ba, amma ba za ta yi aiki ba, kuma nan ne mutane ke kwana suna neman abin da ya lalace.

Sannan Malam Habu, adireshin DVR ɗin kafaffe ne ko DHCP, wato rabon adireshi da rauta ke yi da kanta, ke ba shi?

Habu Kurna:
DHCP ne Malama. Yanzu yana kan 192.168.0.103.

Malama Zainab:
Gyara wannan tun yanzu. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, duk na'urorin gida tare suke tashi, kowacce tana neman adireshi. Talabijin ko wayar wani tana iya riga DVR ta karɓe 103, shi ya samu 105, dokarka kuma tana nan tana tura baƙi zuwa 103. Yadda ake yawan ɗauke wuta a wajenmu, da wuya a yi mako ba ta faru ba.

Ko dai ka je DHCP Server, Address Reservation, ka ɗaure adireshin da lambar MAC ta DVR, ko ka cire alamar DHCP a cikin DVR ɗin ka rubuta da hannu. In da hannu ne, zaɓi lamba a wajen zangon da rauta ke rabawa. In tana rabawa daga 100 zuwa 199, ba shi 192.168.0.50. Subnet mask 255.255.255.0, gateway 192.168.0.1, DNS kuma ko 192.168.0.1 ko 8.8.8.8.

Ka kula da gateway ɗin nan sosai, shi ne adireshin rautar da na'ura ke bi ta fita waje. DVR da ba shi da gateway daidai zai yi aiki lafiya lau a cikin gida, domin a cikin gida ba ya buƙatarsa. Amma in saƙo ya zo daga waje zai karɓa, ya rasa ta inda zai mayar da amsa. Alamarta iri ɗaya ce da ta ƙofar da ba a buɗe ba.

Nura Mai Kyamara:
Ni shawarata ya sa DVR ɗin a DMZ kawai ya huta. Duk ƙofofi za su buɗe lokaci ɗaya, ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Alhaji Tukur:
A'a Nura, kar ka koya masa haka. DMZ yana nufin duk abin da ya zo daga intanet, ta kowace ƙofa daga cikin 65535, a miƙa wa wannan na'urar. DVR yana da ƙofofin da mai shi bai ma san suna buɗe ba. Wurin da DMZ ke da amfani a tsarinsa ɗaya ne: a Huawei, ya sa 192.168.100.4 a DMZ, domin TP-Link rauta ce mai katangarta, ita za ta tace abin da zai wuce. Wannan ya rage masa rubuta doka sau biyu. Amma a sa DVR kansa a DMZ, ban yarda ba.

Kuma tunda an zo nan, ni ban ma ga dalilin buɗe wa DVR ƙofa a wannan zamanin ba. Akwai injuna irin su Shodan da aikinsu ke nan dare da rana, bin adireshin duniya suna ƙwanƙwasa ƙofofi suna rubuta wadda ta amsa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama kyamarori da DVR masu ɗimbin yawa ta ƙofar telnet, 23 da 2323, da kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su aka kai wa kamfanin Dyn, mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, hari a watan Oktoba, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. A 2021 kuma an gano wata ɓaraka a na'urorin Hikvision da dama, CVE-2021-36260, wadda ke ba mutum damar sarrafa na'ura ta shafinta na burauza ba tare da ya san kalmar sirri ba. Kamfanin ya fitar da gyara, amma DVR nawa ne a shaguna da gidaje aka taɓa sabunta wa firmware, wato manhajar cikin na'urar, tun ranar da aka kafa su? Kyamarar da ke kallon tsakar gida da iyali ba abin wasa ba ce.

Nura Mai Kyamara:
Na karɓi gyaran DMZ, Alhaji. Amma a ce kar a buɗe ƙofa sam, wannan ya yi tsauri. Hik-Connect, manhajar waya ta Hikvision, ta P2P tana aiki ba tare da ƙofa ba, gaskiya ne, sai dai in haɗin kai tsaye bai samu ba hoton ta sabar kamfani yake zagayawa, sai ka ga yana jinkiri, duba rikodin baya kuma ya zama wahala. Mai shaguna uku da ke son ganin kyamara 24 a iVMS-4200, manhajar kwamfuta ta Hikvision, a kan allo ɗaya yini guda, haɗin kai tsaye ya fi masa. In an canja lambar ƙofa, an sa kalmar sirri mai ƙarfi, me ya rage?

Alhaji Tukur:
Canja lamba yana rage masu ƙwanƙwasawa ne kawai, ba ya hana wanda ya bi ƙofofin duka. Kalmar sirri kuma ba ta tare irin ɓarakar da na ambata, tunda ba ta wajen kalmar sirri ake shiga ba. Haɗin kai tsaye da kake so ana samunsa ta VPN, wato kullalliyar hanya tsakanin wayarka da rautar gida, ƙofa ɗaya tak. Archer da yawa suna da VPN Server a cikin Advanced. Ka kunna OpenVPN, ƙofarsa UDP 1194, ka sa rautar ta ƙirƙiri takardar shaida, ka fitar da fayil ɗin saiti ka sa a waya. A Huawei ka tura UDP 1194 kaɗai zuwa TP-Link. In rautar tana da WireGuard ya fi sauri, ƙofarsa da aka saba UDP 51820, kuma ba ya amsa wa duk wanda ba shi da makulli, mai bincike daga waje ba zai ma gane akwai wani abu a wurin ba. Da ka haɗa, wayarka ta zama kamar tana cikin gida, ka buɗe DVR da 192.168.0.50.

Injiniya Rabi'u:
Ina bayan Alhaji a kan cewa VPN ya fi, amma Nura ma yana da hujja ta wani ɓangaren. Ba kowane mai gida ne zai riƙa kunna VPN kafin ya duba kyamara ba, wasu in ka ƙara musu mataki ɗaya sun daina amfani da abin ke nan. In dole sai an buɗe, a rage ɓarna. Manhajar waya da iVMS-4200 ta ƙofa 8000 suke shiga, saboda haka a fara da ita kaɗai. Ƙofa 80 ta shafin burauza ce, ita ce ta fi jawo masifa, a bar ta a rufe. 554 ta RTSP ce, ba a buɗe ta sai in an ga manhajar da ake amfani da ita ba ta kawo hoto sai da ita. A sabunta firmware, a kunna kulle asusu bayan an yi kuskuren kalmar sirri sau da yawa, a buɗe wa masu kallo asusu na daban wanda ba admin ba.

Game da canja lamba, hanya mafi sauƙi ita ce a canja ta a cikin DVR ɗin kansa, misali Server Port ya koma 18000, sannan a rauta External Port da Internal Port duka su zama 18000, Protocol kuma TCP. In ka bar ciki 8000 waje 18000 yana iya aiki, amma wasu na'urori suna sanar da manhaja lambar cikin, sai a shiga lafiya hoto ya ƙi zuwa. Masu Dahua kuma lambarsu daban ce, TCP 37777.

Malama Zainab:
Kar a manta da UPnP. In yana kunne a DVR da rauta, DVR ɗin da kansa zai buɗe 80 da 554 ɗin da kuka ce a rufe, ba tare da ya tambayi kowa ba. A kashe shi a DVR, a shafin NAT, sannan a leƙa jerin UPnP na rauta a ga abin da aka riga aka buɗe.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni in shigo da tawa. Rautar Huawei ce ta 4G mai sim, ana shiga ta 192.168.8.1. Na cika Virtual Server daidai yadda kuka faɗa, na yi rajistar suna a No-IP, amma ƙofa a rufe take nunawa. WAN IP yana farawa da 10.

Injiniya Rabi'u:
Wa alaikumus salam Malam Isuhu. Kai CGNAT ne ya kama ka, kuma haka akasarin layukan sim suke, a Nijar ko a Najeriya. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal a duniya. Babbar ma'ajiyar IANA, hukumar da ke raba adireshin duniya, ta ƙare tun Fabrairun 2011, AFRINIC mai raba wa Afirka ma a ɗan abin da ya rage take tsakurawa. Shi ya sa kamfani ke ɗora masu amfani da yawa a kan adireshin waje guda. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da ƙofar zaure ɗaya: ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma makullin zaure yana hannun mai gida, kuma bai san wa zai kai wa baƙon ba.

No-IP ba ya maganin wannan. Aikinsa kawai ya bi adireshin da ke canjawa ya manna masa suna. A wajenka sunan yana nuna ko dai adireshin da kuke tarayya da wasu, ko na 10 ɗin da ba a iya kaiwa gare shi daga waje.

Isuhu Maraɗi:
To in na koma Starlink fa? Na ji an ce ya fi sauri.

Alhaji Tukur:
Sauri daban, wannan daban. Tsarin gida na Starlink shi ma a bayan CGNAT yake a IPv4, kuma rautarsu ba ta da wajen tura ƙofa. Adireshin waje na IPv4 a tsare-tsarensu na Priority ake samu, sannan sai ka sa rautarsu a bypass ka kawo taka. Suna ba da sabon tsarin adireshi na IPv6, wanda ba ya buƙatar NAT, sai dai a buɗe katanga, amma sai layin da kake kallo da shi ma yana da IPv6, wannan kuwa ba a ko'ina ake samu ba.

Abin da zai fishe ka ba tare da canja layi ba: ko ka tambayi kamfaninka ko suna sayar da adireshin waje, wanda galibi a tsarin 'yan kasuwa yake da ƙarin kuɗi, ko ka kunna Hik-Connect ko DMSS in Dahua ne, ko ka sa Tailscale, wani nau'in VPN. Shi Tailscale daga ciki yake fita neman haɗi, don haka CGNAT ba ya tare shi. DVR ba ya ɗaukar manhajar, sai ka samu ƙaramar na'ura da za ta zauna a kunne, Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta mai Linux, ka kunna mata IP forwarding, ka buga tailscale up --advertise-routes=192.168.8.0/24, sannan ka shiga shafinsu ka amince da hanyar. Mutane da yawa a wannan amincewar suke mantuwa. Raspberry Pi wutar da yake ci ba ta wuce 'yan watt kaɗan ba, ƙaramin batirin da ke riƙe rauta zai riƙe shi.

Nura Mai Kyamara:
Malam Isuhu, tunda sim ne ka lura da data. Babban hoto na 1080p a kan 2 Mbps yana cin kusan MB 900 a awa ɗaya, kyamara ɗaya ke nan. Ƙaramin hoto, sub-stream, a kan 512 kbps kusan MB 230 ne. Kuma ta ɓangare biyu ake ci, layin gida yana turawa, wayarka tana saukewa. Ka sa manhaja ta riƙa buɗewa da ƙaramin, sai in kana son ganin fuska ka koma babba. Saurin turawa na layin gida shi ne ke iyakance ka, ba na saukewa ba. Kyamara 8 a babban hoto suna neman wajen 16 Mbps.

Habu Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ga inda nake: DVR ya koma 192.168.0.50 da gateway daidai, Server Port 18000, na goge dokar 80 da 554, na kashe UPnP, na kafe WAN ɗin TP-Link, a Huawei na tura 18000 zuwa 192.168.100.4, TP-Link kuma ta tura ta zuwa DVR. Shafin gwaji ya ce ƙofa a buɗe take. A kan datar waya kyamarori sun fito. Amma abin mamaki, in ina kan Wi-Fi ɗin gida na yi amfani da adireshin wajen, ba ya shiga.

Malama Zainab:
Wannan ba lalacewa ba ce. Kana ciki kana neman ka fita ka sake shigowa ta adireshinka na waje, sai rautar da ke da NAT loopback ce ke iya wannan juyin, kuma akwatunan faiba da yawa ba sa yi. Ka yi shigarwa biyu a manhaja, ɗaya da 192.168.0.50 don gida, ɗaya da sunan waje. Shi ya sa kullum gwajin gaskiya da datar waya ake yi, Wi-Fi a kashe.

Saura DDNS, wato sunan da ke bin adireshi in ya canja, irin na No-IP, domin 102 ɗin nan zai iya canjawa duk lokacin da akwatin ya sake tashi. A nan akwai tarko a tsarinka: wasu rautoci adireshin WAN ɗinsu suke aikawa, naka kuwa na TP-Link 192.168.100.4 ne, wanda ba shi da amfani a waje. Bayan ka saita, buga nslookup da sunan a kwamfuta ka ga abin da ya dawo. In ya dawo da 192.168, mayar da DDNS ɗin kan Huawei ko cikin DVR. In No-IP na kyauta ne, duk kwana 30 sai ka tabbatar da sunan ta saƙon imel da suke turowa, in ka bari ya wuce za a dakatar da shi.

Injiniya Rabi'u:
In ka zo gwada VPN ɗin da Alhaji ya faɗa, kar ka dogara da canyouseeme, TCP kaɗai yake gwadawa, UDP 1194 ba zai taɓa nuna maka a buɗe ba ko da yana aiki. Ko a TCP ma sai in akwai na'urar da ke sauraro a bayan ƙofar, in DVR a kashe yake zai ce a rufe. Gwajin VPN shi ne ka haɗa daga datar waya ka buɗe 192.168.0.50. Ka kuma duba fayil ɗin saitin da TP-Link ta fitar, layin da ya fara da remote. Saboda rauta biyun nan, mai yiwuwa 192.168.100.4 za ka tarar a wurin, sai ka goge ka rubuta sunan DDNS ɗinka. In ya yi aiki, koma Huawei da TP-Link ka cire dokar 18000.

Habu Kurna:
Haka na tarar da shi kuwa, 192.168.100.4. Na canja zuwa sunan, VPN ya haɗa, kyamarori 8 duka sun fito. Amma agogon rikodin yana baya da awa ɗaya.

Alhaji Tukur:
Shiga saitin lokaci na DVR ka zaɓi GMT+1, ka tabbata DST a kashe yake tunda ba ma canja agogo a nan, ka kunna NTP, mai daidaita agogo ta intanet, da pool.ntp.org, ƙofa 123. Wannan fita yake yi daga ciki, ba ya buƙatar ka tura masa komai a rauta. In bayan an ɗauke wuta ka ga kwanan wata ya koma baya da shekaru, ƙaramin batirin da ke kan allon DVR ɗin ne ya mutu, sai a buɗe a duba lambar da ke jikinsa a sayo irinsa.